Sha Ɗaya da Ɗigo Huɗu

Ƙarfe uku na yamma duhu ya rufe Kajaani,
dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a ƙofar zauren wasanni.
A ciki mun shimfiɗa kafet mai ruwan toka,
mun kewaye shi da katako, mun fitar da kwana tara.
Ga ni, Aulis, ga akwatin ƙarafuna,
ga motar da ba ta fi tsawon takalmina ba.

Shekara talatin ina gyaran agogo,
hannuna ya san noti tun ido bai gan shi ba.
Amma 'yar banzar nan ta kafe a daƙiƙa sha ɗaya da ɗigo huɗu,
mako shida, kamar an turke ta.

Na sauke cikinta da rabin milimita,
ta kankari kafet kamar kaza mai tono.
Na ɗaga. Na zuba wa shokozoban gaba mai kauri kamar zuma,
ta shiga kwana da taurin kai, hanci na neman katako.
Na sa mai ruwa-ruwa, sai ƙugu ya kama rawa.
Na karkata tayoyin baya digiri biyu,
na rage haƙori ɗaya a ƙaramar giya,
na shafa wa roba magani, na jira minti goma,
kofi yana hucewa a murfin fulas.

Duk na rubuta.
Wasu lambobin na soke, wasu na zagaye da jan biro.
Shafi na sha tara akwai tabon maiƙo
da kalma ɗaya da ba zan maimaita ba.

Shi ma kafet ba ya zama yadda ka bar shi.
Da safe santsi, da rana ya fara kamu,
kafin dare baƙin layi ya fito inda kowa ke bi,
ya riƙe taya kamar ƙaya ta kama zane.
Motar da ta yi kyau ɗazu sai ta kife,
buzuzu a kan bayansa, ƙafafu na harbin iska.

Sointu, shekararta sha biyu, jikar mai gidan burodi,
motarta ta hannu ce, an ɗaure jikin da salatif.
Goma da ɗigo tara take yi tana tauna cingam.
Ta tsaya gefena a kan dandamali.
Ba motar take kallo ba.
Hannuna.

Ta ce, "Ba ni aro."
Na miƙa mata rimot kamar mai ba da ajiyar ƙwai.
Zagaye uku.
Allo ya nuna goma da ɗigo takwas.
Motata. Tayoyina. Notin da na ɗaure da kaina.

Ta ce, "Shaƙe ta kake yi.
Kana kama birki tun kwana ba ta yi maka sallama ba,
sannan ka fizge ta don ka rama.
Bar ta ta gangara."
Ta mayar mini, ta tafi neman burodin kirfa.

Na dubi yatsan nan
da bai taɓa karya sifirin agogo ba.
Ashe shi ke ƙanƙame kunama,
shi ke tsoron katako,
mako shida ina tuhumar ƙarfe, ɓarawo yana hannuna.

Ban taɓa sukundireba ba. Na hau.
A kwanar farko zuciya ta ce kama, na ƙi.
A ta shida na daki katako,
wani yaro ya ruga ya ɗaga ta.
Na sake.
Na sake.
Sai ta ratsa kwana ta bakwai shiru, ba ƙara, ba tangaɗi,
kamar ruwa ya sami hanyarsa.

Sha ɗaya da ɗigo ɗaya.
Babu wanda ya tafa. Sointu ta ɗaga gira, bakinta cike.

Ƙarfe tara muka naɗe kafet, mu takwas,
muka kai shi bayan ragar ƙwallo.
A shafi na ashirin na rubuta: ban canza komai ba.

A waje babbar motata ta daskare.
Ina kankare gilashi da hagu,
a cikin safar hannun dama
yatsa ɗaya yana ta koyon saki.